Waya ta cinye mini tunani

Tambaya: Malam, kullum ina kan TikTok har tsakar dare, amma in aka nemi ra'ayina a aji sai in ji kaina fayau. Ina mafita?
Ɗaliba, Ƙofar Ƙaura, Katsina

Amsa: 'Yata, ni ma na sha wannan. Wata asuba na ɗauki biro na tambayi kaina: me ya sa macijin Kusugu yake barin Daurawa su ɗebi ruwa ranar Juma'a kaɗai? Labarin da na haddace tun firamare! Ban cika shafi biyu ba na gane ban taɓa tunani a kansa ba. Montaigne, wani marubuci ɗan Faransa, a 1580, "gwaji" ya kira irin wannan rubutu. Ki bar wayar wurin Inna, ki zaɓi tambaya ɗaya, ki cika shafi biyu.