Na rage kayan falo, sai ya yi fayau: ina gyaran yake?

Tambaya: Assalamu alaikum. A unguwar Barnawa da ke Kaduna muke zaune, falonmu matsakaici ne. Ina sha'awar falon da ba a cika shi da kaya ba, shi ya sa na kwashe tarkace, aka yi farin fenti, ga kuma farin tayil. Yanzu ya koma kamar ɗakin jira a asibiti. Gwaggona da ta zo har tambaya ta yi ko ba a gama jere ba ne. Yaya zan yi ya yi daɗin zama ba tare da na sake cika shi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki mayar da ko ɗaya daga cikin kayan nan. A Kaduna, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, duk wani ƙyale-ƙyale da aka ɗora a kan kanta makwancin ƙurar hunturu ne, kuma ke ce mai gogewa. Fari ne ya yi wa falon yawa, ga kuma komai sumul yana ƙyalli.

Ki fara da ƙwan lantarki, don shi ne mafi araha. Ki duba jikin kwalinsa. Idan kin ga 6500K, shi ne mai farin hasken nan da ke sa bango ya yi shuɗi-shuɗi. Ki nemi 2700K ko 3000K, wanda haskensa ke da ɗan ruwan zuma. Kuma kada a bar wa ƙwai ɗaya a tsakiyar silin duk aikin. Fitila ɗaya a kusurwa, wata a gefen kujera, sai inuwa ta yi laushi. Har fitilar caji da kike kunnawa idan an ɗauke wuta, ki zaɓo mai irin wannan haske.

Sai bango. Maimakon fari tas, a yi ruwan madara ko ruwan yashi mai haske, fentin da ba ya ƙyalli amma yana goguwa da jiƙaƙƙen tsumma. Kafin a sayi bokiti, mai fenti ya shafa kaɗan a bango, ki gani da hantsi, ki kuma gani bayan magariba, domin launi yakan sauya da haske.

Inda nake so ki fi kashe kuɗi shi ne ƙasa. Mu mutane ne masu baƙi, ranar suna ko sallah kujeru ba sa isa, kuma da yawa cikin iyayenmu sun fi sakewa idan suka miƙe ƙafa a ƙasa. Falon da aka tsara don mutum biyu su zauna a ɗarare bai dace da gidan Bahaushe ba, komai kyansa a hoto. Ki shimfiɗa babban kafet mai gajeren gashi, ruwan ƙasa, wanda faɗinsa zai kai ƙafafun gaba na kujeru su hau kansa. Mai dogon gashi yana da daɗin takawa, amma rumbun ƙura ne. Ki ajiye tumtum na fata biyu ko uku a gefe. Da wannan kin rufe sanyin tayil, kin kuma samar wa mutum goma wurin zama ba tare da ƙarin kujera ba. Ina kyautata zaton gwaggo za ta fi kowa jin daɗinsa.

Labule kuwa ya taso daga kusa da silin ya sauka har ƙasa, faɗin yadin ya ninka na taga sau biyu don ya yi tattara. Za ki samu yadi mara ado a Kasuwar Barci ko Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi; ki zaɓi wanda za ki iya cirewa ki wanke da kanki.

Tebur na gilashi ki ba shi hutu. Kafintocin kasuwar Panteka za su yi miki ƙarami na katakon maɗaci mai zagayayyen baki, wanda ba zai fasa goshin yaro ba. Ki ce kada su lafta masa fanish mai ƙyalli, su bar zanen katakon ya fito. A bar kamar santimita 45 tsakaninsa da kujera.

A bango abu ɗaya ya isa: faifai uku a jere, ko saƙi guda a cikin firam. Rimot, caja da kayan wasan yara kuma su shiga kwando mai murfi a bayan kujera.