Sati uku a Fagge, daga Indomie sai burodi

Tambaya: Assalamu alaikum Baffa. Ni ɗan Mubi ne, aikin koyarwa ya kawo ni Kano, na kama ɗaki a Fagge. Yau sati uku ke nan daga makaranta sai ɗaki, abincina bai wuce Indomie da burodi ba. Sau ɗaya na sayi shinkafa da miya a bakin titi, na kwana ina zaryar banɗaki, tun daga ranar nake tsoro. Ga albashin ba yawa. Ina zan riƙa cin abinci, kuma ta ina zan fara sanin garin nan mai girma haka?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, sannu da zuwa, Allah ya sa ka zo a sa'a. Wasiƙarka ta taɓa ni, don ni ma baƙo na shigo Kano daga Haɗeja, kuma na san yadda ɗaki yake yi wa mutum shiru bayan isha'i.

Ka fara da mai shayin da ya fi kusa da ƙofarka. Ka zaɓi guda ɗaya, ka riƙa zuwa kullum bayan asuba, ka yi sallama, ka zauna a benci, kada ka ce a ƙulla maka a leda. Kwana uku na farko ba wanda zai kula ka. Kafin sati ya zagayo zai san ko kana son shayi mai kauri, ko ƙwai nawa ake soya maka, zai fara ce maka Malam. A bencin nan za ka ji gidan da ake ɗanwake mai kyau, da mai wankin da ba ya ɓatar da kaya, da lungun da ba a bi in dare ya yi. Ni a teburin mai shayi aka nuna min gidan wata tsohuwa mai waina, na yi shekara huɗu ina cin wainarta.

Batun cikinka kuwa, ina zaton lokaci ka kuskure. Abincin Kano kowanne da sa'arsa. Koko da ƙosai da waina na safe ne. Ɗanwake da hantsi, ana tsamo shi daga tukunya ana zuba mai da yaji a gabanka. Garau-garau, wato shinkafa da wake da mai da yaji, da rana. Shi ne abokin mai ƙaramin albashi, yana riƙe ciki har magariba. Tsire da balangu sai yamma. Shinkafar da aka dafa da hantsi ka zo ka saya da la'asar, miya ta huce a cikin zafin nan, ita ce mai kwantar da mutum. Ka ci inda layi yake, inda tukunya ke ƙarewa da wuri. Ka dubi ruwan da ake wanke kwanuka kafin ka dubi naman. Tsire kuma ka sa a mayar maka da shi kan wuta ya yi zafi sosai kafin a yanka.

Amma in ba ka ci gurasa ba, ba ka fara cin Kano ba. Da fulawa ake yin ta, a manna ta a jikin tanderu ta gasu, kuma matan Jakara da kewayenta a cikin birni su ne suka yi suna da ita. Ka nemi bandashe. Ka tsaya ka kalli mai yi: zai tsoma gurasar a ruwa ta yi laushi, ya shimfiɗa a faranti, ya barbaɗe ta da garin ƙuliƙuli har sai farinta ya ɓace, ya kwarara man gyaɗa, ya yanka albasa da tumatir a kai. Ka ce masa yaji kaɗan a karon farko. Ranar albashi ka haɗa ta da tsire. Alkubus da miyar taushe ma ka sa shi a lissafi.

Sanin gari kuwa da ƙafa ake yi. Unguwar da kake zaune ma ta baƙi ce tun asali, a Fagge ayarin fatake masu ƙetaro Sahara suke sauka a wajen ganuwa, don haka kada ka ji kamar kai kaɗai ne ba ɗan gari ba. Kantin Kwari ga shi nan kusa da kai, ka ratsa ko ba za ka sayi ko yadi ɗaya ba. Ranar Asabar da safe ka shiga birni ta Ƙofar Mata, ka leƙa karofi ka ga marina suna tsoma zane a baba. Daga nan ka nufi Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Lungunanta matsattsu ne, za ka ɓata, kowa ma yana ɓata. Ka yi wa mai rumfa sallama ka tambaya. Wani satin ka je Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi da ke kusa da fadar Sarki, sannan ka hau Dutsen Dala da yamma in rana ta yi sanyi. Daga can sama za ka ga garin da ke ba ka tsoro a shimfiɗe, har ka nuna inda ɗakinka yake. In ƙafa ta gaji ka tari Adaidaita Sahu, amma ku yi ciniki kafin ka shiga, wayarka kuma a aljihun gaba.

Ka riƙa sallah a masallacin layinku, ka gaisa da dattawan da ke zama a ƙofa. Ba za a daɗe ba za ka ga yaro ya yi sallama da kwanon tuwo daga cikin gida. Ka karɓa da hannu biyu, ka ci, ka wanke kwanon, ka sa 'yar alawa ko lemo a ciki don yara kafin ka mayar.