Amsa kan wanke mafitsara da ruwan alif

Malam, Allah Ya ba mahaifinka lafiya. Ka tambayi dalilin da ya sa likita zai zuba masa ruwan alif a mafitsara saboda jinin da ya ƙi tsayawa bayan gashin cutar daji. Wannan hanya sananniya ce: ana narka giram 10 na alif a lita 1 ta ruwa marar ƙwayoyin cuta, a riƙa shigar da shi a hankali ta robar fitsari, sai ya tsuke ƙananan jijiyoyin da ke zubar da jini. Wajibi ne a fara fitar da gudajin jini, a kuma gwada ƙodarsa, domin mai raunin ƙoda alif kan taru a jikinsa har ya taɓa ƙwaƙwalwa. Don Allah kada a gwada wannan a gida da alif ɗin kasuwa.