Ina za a samo kuɗin horas da ma'aikatan agaji kan girgizar ƙasa?

Ɗan'uwa, in na fahimce ka, kana sashen agajin gaggawa na ƙaramar hukuma, kuna son horo kan girgizar ƙasa amma an ce babu kuɗi. Wallahi kana da gaskiya da ka damu, don na kusa ne ke fara ciro mutane daga ɓaraguzai, ko a girgizar ƙasar da aka yi a birnin Kobe na Japan a 1995 maƙwabta ne suka ceci mafi yawa, kuma awa 72 na farko su ne masu muhimmanci.

Ku fara da takarda tukunna, mutum nawa za a horar, me za su koya, nawa zai ci, ku miƙa tun kafin a rufe kasafin baɗi. Ni dai shawarata kar ku nemi na girgizar ƙasa kaɗai, ku haɗa da rushewar gini da ambaliya da gobara tunda dabarun ceto da agajin farko kusan ɗaya ne, an fi saurin sa hannu a haka.

Daga waje akwai Red Cross da ke koyar da agajin farko, sai GFDRR, asusun rage haɗarin bala'o'i da ke ƙarƙashin Bankin Duniya, amma shi yawanci ta hannun gwamnatin ƙasa yake bi, don haka ku biyo ta hukumar agaji ta ƙasa.

Inda ake yawan kuskure shi ne ƙarar da kuɗin a taron otal da alawus, ko sayen kayan aikin da ba wanda ya iya sarrafawa. Atisaye a fili ake so, a riƙa maimaitawa. Shiga ginin da ya tsage kuwa, ku nemo injiniyan gini da masu horarwa bisa ƙa'idar INSARAG, ƙungiyar tsara aikin bincike da ceto da ke ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, kar ku yi da ka.