Mai kemis da tsoron hukuma ya zaburar: ya jira niyyarsa ta tsarkaka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ina da kemis a Ƙauran Namoda. Na san akwai ɓarna a harkata: ina yi wa mutane allura da ƙarin ruwa alhali ban yi karatun ba, maganin da wa'adinsa ya ƙare kuma nakan tura shi ƙauye. Kullum ina cewa zan gyara, amma jikina a mace. Sai yanzu da aka buɗe babban shagon magani kusa da ni, jami'ai kuma suka fara zagaye, na zabura. Zuciyata tana ce mini ba don Allah nake yi ba. In dakata har niyyata ta gyaru?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Kada ka dakata, ɗan'uwa, ko na kwana ɗaya. Muryar da ke ce maka ka jira, waswasi ce.

Malamai sun raba ibada tsantsa, irin salla da azumi, da haƙƙin bayin Allah. Ta farko ba ta inganta sai da niyya. Amma mayar da amana, biyan bashi da kawar da cuta, da zarar an aikata nauyi ya sauka, ko da tsoron alƙali ne ya sa. Lada ce kawai ke jiran niyya. Yaron da ka fasa ba wa lalataccen maganin zazzaɓi ya tsira, ko me ke ranka.

Abin da kake ciki kuwa haramun ne. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin ba, to shi ke da lamuni, wato alhakin ɓarnar da ta biyo baya yana wuyansa, kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito. Kuma a ruwayar Muslim, da ya cusa hannu cikin tsibin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya ce mai algus ba ya tare da shi. Danshin hatsi mai saye yana iya ganowa. Matar da ta taso daga ƙauye da goyo, ba ta karanta kwanan watan da ke jikin kwali, kai kaɗai ta dogara da shi bayan Allah. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali a tambayarka.

Son riba da gudun a rufe shago ba riya ba ne. Allah ya halatta wa alhazai neman falalarsa a lokacin hajji, a aya ta 198 ta Baƙara, ina ga mai shago? Bin ƙa'idar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da ta hukumar da ke ba masu kemis lasisi biyayya ce ga shugabanni cikin abin da ke kare rai.

Yau ka kwashe duk abin da wa'adinsa ya wuce, ka daina allura da ƙarin ruwa, ka riƙa tura masu buƙata asibiti. Maganin da ke son sanyi, in ba ka da firji mai tsayayyar wuta, ka bar sayar da shi. Zafin bazararmu yana kashe ƙarfinsa tun yana kan kanta. Ciniki zai ja baya na ɗan lokaci, ka shirya wa hakan. Wanda ka san hannunka ya cutar, ka neme shi ka nemi yafiya, ka biya abin da ya hau kanka. Da safe in za ka buɗe ƙofa, ka ƙudurta cewa don Allah kake tsare lafiyar waɗanda za su shigo.

Wallahu a'alam.