Ƙarafan da muka sayo a kasuwar Arlit: wanki ya isa?

Tambaya: Malam, maigidana ya sayo bututai da ganga a kasuwar Arlit da ke arewacin Nijar, an ce daga wajen haƙar yuraniyom suka fito. Muna zuba ruwa a gangar. Maƙwabta sun ce in wanke da omo, yara su riƙa shan madara, shi ke nan. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: 'Yar'uwa, ki daina zuba ruwa a gangar nan yau, a fitar da kayan nesa da ɗakin kwana da wurin wasan yara.

Maganar wanki da madara kuwa ta ishe ni. Kullum sai na ji ta, har daga bakin masu ilimi. Abin da ke maƙale a cikin irin waɗannan bututai ba datti ba ne. Ɓawo ne mai ɗauke da radiyom, wani sinadari mai fitar da tururin nukiliya mai cutarwa, wanda sai bayan shekara 1,600 ƙarfinsa ke raguwa da rabi. Omo ba ya taɓa shi, wuta ba ta ƙona shi. Mai kankare ƙarfen da wuƙa ya fi kowa cutuwa, domin ya mayar da ɓawon ƙura, ƙurar kuma huhu za ta shiga. Madara abinci ce mai kyau, amma ba ta fitar da komai daga huhu ko ƙashi. Mai sayar miki da jiƙon "wanke guba" kuɗinki kawai yake so.

Ido ba ya gani, hanci ba ya ji, sai na'urar awo. 'Yan garin da kansu suka fara tona wannan: ƙungiyar Aghir In'Man ta Almoustapha Alhacen ce ta gayyato masu bincike na CRIIRAD, cibiyar auna tururin nukiliya, daga Faransa a 2003, suka tarar da gurɓatattun ƙarafa a kasuwa. A 2009 ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta auna titunan Akokan, garin da ke dab da Arlit, ta samu inda tururin ya kai kusan ninki 500 na yadda ya saba. An rufe COMINAK, mahaƙar yuraniyom ta Akokan, a 2021, amma tarin shararta yana nan.

Ki nemi 'yan ƙungiyar Aghir In'Man su auna kayan. Ki ɗauki hoto, ki rubuta ranar saye da wurin. In kin kai kuka, ofis zai yi ta ce miki "ki dawo gobe", amma takarda mai alƙaluma tana da wuyar musantawa. Kuma don Allah ki roƙi maigida kada ya sayar wa maƙeri don ya mayar da kuɗinsa. Tukunya za a ƙera, wata uwa ta dafa wa 'ya'yanta tuwo a ciki, alhakin yana wuyanku.