Tambaya da Amsa: Inji Biyu, Tanki Ɗaya

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne ɗan aji biyar na sakandare, daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim. A gwaji aka ce wani injin ban-ruwa yana cika tanki a awa 3, wani kuma a awa 6. In an tayar da su tare, awa nawa za su yi? Na haɗa 3 da 6 na raba biyu, na samu awa 4 da rabi, aka soke da jan biro. An kuma tambayi lita nawa tankin ke ci, shi mai zagaye ne, faɗin bakinsa mita 2.8, zurfinsa mita 2. A taimaka mini.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Tun kafin jan biro ya kamata 4 da rabin nan ta ba ka tsoro. Injin farko shi kaɗai awa 3 yake yi. Yaya za a kawo masa mai taya shi, aiki kuma ya ƙara jan lokaci? Ko a gayya ba a haka. Dole amsar ta gaza 3. Da duka biyun masu ƙarfi ne, awa 1 da rabi za su yi. Tunda ɗayan rago ne, sai ta ɗara haka. Ka ga ka killace amsar ba ka rubuta komai ba.

Ba awanni ake haɗawa ba, aikin da kowanne ke yi a awa guda ake haɗawa. Raba tankin kashi 6 a ranka. Mai ƙarfin na zuba kashi 2 a awa, ragon kashi 1, tare kashi 3. Kashi 6 ke nan a awa 2.

Tankin kuwa, rabin faɗin bakin ake ɗauka, wato 1.4, a ninka shi da kansa, a ninka da 22/7 (lambar nan ta lissafin da'ira da ake kira pi), sannan a ninka da zurfin. Nan yara da yawa ke zamewa, su saka 2.8, amsa ta ninka har sau huɗu. Fara da kintace: 1.4 sau 1.4 kusan 2 ne, 22/7 kusan 3, zurfi 2, ka samu wajen 12. Sai lissafin sosai: 1.96 sau 22/7 ya ba da 6.16, sau 2 ya zama kubik mita 12.32. Kowace kubik mita lita 1,000 ce, don haka lita 12,320, kusan jarka 500 irin ta 'yan garuwa mai lita 25.

A WAEC da NECO ka riƙa rubuta kowane mataki, domin hanyar ma tana da makinta. Gwada wannan ka aiko mini: inji ɗaya awa 4, ɗayan awa 12.